Iskar Asibiti da Lafiyar Masu Shaƙarta: Matakan Kariya Daga Cututtukan da Ke Yaɗuwa ta Iska

Gabatarwa

Baligin mutum yana shaƙar iskar da ta haura lita 10,000 a kowace rana, kuma ko da yake yana da ikon zaɓen ruwan da zai sha da abincin da zai ci, ba shi da zaɓi a kan iskar ɗakin da ya samu kansa a ciki, domin abin da wani ya fitar daga huhunsa shi ne na kusa da shi zai mayar cikin nasa. Wannan tarayya ta dole ta fi zama abin damuwa a asibiti fiye da ko'ina, saboda nan ne mai ɗauke da cuta da mai raunin garkuwar jiki ke haɗuwa ƙarƙashin rufi ɗaya: mai tarin fuka da ba a riga an gano ba yana zaune a benci ɗaya da mai ciwon sukari, da mai juna biyu, da jaririn da bai kai wata 9 ba balle a yi masa allurar ƙyanda, ga kuma ma'aikacin da zai wuni yana zirga-zirga a tsakaninsu.

Maƙasudin wannan lacca shi ne bayyana yadda cuta ke tafiya cikin iska, da hujjojin da suka tabbatar da haka, da kuma matakai uku da masana suka haɗu a kansu wajen kare majinyata da ma'aikata, wato tsarin gudanarwa, da gyaran iskar gini, da kayan kariya na jiki. Matsayar laccar ita ce jerin waɗannan matakai yana da muhimmanci daidai da matakan kansu, domin mafi yawan yaɗuwar cuta a asibiti yana fitowa ne daga majinyacin da ba a zarga da komai ba, a cikin ɗakin da iska ba ta ratsa shi, kuma asibitin da ya zuba kuɗinsa a kan takunkumi alhali bai gyara layin jiran likita da tagoginsa ba ya fara aiki ne daga ƙarshe.

Yadda cuta ke tafiya cikin iska

Duk lokacin da mutum ya yi tari, ko atishawa, ko magana, ko ma numfashi kawai, yana fesar da ɗigo-ɗigon ruwa daga hanyoyin numfashinsa, waɗanda girmansu ya bambanta ƙwarai, kuma ana auna su ne da maikiron, wato kashi ɗaya cikin 1,000 na milimita. Silin gashin kai yana da kaurin da ya kai kimanin maikiron 70. Manyan ɗigon suna faɗuwa ƙasa cikin 'yan daƙiƙoƙi a tazarar mita ɗaya zuwa biyu, amma ƙananan sukan ƙafe tun kafin su kai ƙasa, musamman a busasshiyar iska irin ta hunturu da bazara, sai su koma ɓurɓushi marar nauyi wanda ke iya rataye a sararin ɗaki na tsawon mintoci ko sa'o'i da ƙwayar cutar a cikinsa. Ɓurɓushin da bai wuce maikiron 5 ba shi ne mafi haɗari ga mai shaƙa, domin yana wuce gashin hanci da majinar maƙogwaro ya isa can cikin ƙananan jakunkunan huhu, inda ƙwayar tarin fuka ke samun wurin zama. Halinsa ya yi kama da na turaren wuta, wanda ya fi kauri a kusa da kasko amma yana cika ɗaki gaba ɗaya, kuma yana nan bayan an fitar da kaskon har sai an buɗe taga.

An daɗe ana kasa cututtukan numfashi gida biyu. Na farko su ne masu tafiya nesa cikin iska, waɗanda fitattunsu su ne tarin fuka da ƙyanda da ƙarambau. Ƙwayar ƙyanda tana iya zama a iskar ɗaki har sa'o'i 2 bayan mai cutar ya fita, kuma cikin mutum 10 marasa rigakafi da suka yi cuɗanya da shi kusan 9 za su kamu. Na biyu su ne waɗanda suka fi yaɗuwa ta manyan ɗigo a kusa-kusa, kamar sanƙarau da mashaƙo da tarin shiƙa. Annobar korona ta nuna cewa iyakar da ke tsakanin gidajen biyu ba ta da tsauri kamar yadda aka ɗauka, shi ya sa a watan Afrilun 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sabon tsarin bayani wanda ke kallon ɗigon numfashi a matsayin jeri ɗaya daga ƙanana zuwa manya. Abin da wannan ke nufi ga ma'aikacin lafiya shi ne ba da tazara yana rage haɗari, amma a rufaffen ɗaki mai cunkoso tazarar kaɗai ba ta isa ba.

Hujjar da aka samu a Baltimo

Robert Koch ya bayyana ƙwayar tarin fuka a birnin Barlin ranar 24 ga Maris 1882, kuma a ƙarshen ƙarnin Carl Flügge ya nuna cewa ɗigon da ke fita daga baki yana ɗauke da ƙwayoyin cuta, amma sai a 1934 ne wani injiniyan tsaftar muhalli ɗan Amurka, William Wells, ya yi bayanin yadda ƙananan ɗigo ke ƙafewa su ci gaba da shawagi. Likitoci da yawa ba su karɓi bayanin ba sai da ɗalibinsa Richard Riley ya gwada shi a wani asibitin tsofaffin sojoji da ke Baltimo daga tsakiyar shekarun 1950. An janyo iskar wani sashe mai gadaje 6 na masu tarin fuka ta cikin bututu zuwa wani ɗaki da ke saman ginin, inda aka ajiye ɓerayen Masar waɗanda ba su taɓa haɗuwa da majinyatan ba, sai aka ga kusan uku daga cikinsu suna kamuwa a kowane wata. A gwaji na biyu an raba iskar gida biyu, aka bi da rabi ta ƙarƙashin haske mai kashe ƙwayoyin cuta, kuma babu ko ɗaya da ya kamu cikin ɓerayen da suka shaƙi wannan rabin, alhali na ɗaya ɓangaren sun ci gaba da kamuwa.

Binciken ya ƙara fito da abubuwa biyu da har yau ake aiki da su: majinyatan da suka fara shan maganin da ke yi wa cutarsu aiki sun ragu ƙwarai wajen yaɗa ta, sannan 'yan ƙalilan daga cikin majinyata ne ke haddasa mafi yawan yaɗuwar. Daga wannan aiki aka samo lissafin da ke ɗauke da sunayen Wells da Riley, wanda taƙaitaccen bayaninsa shi ne haɗarin kamuwa yana ƙaruwa da yawan masu cutar a ɗaki, da yawan ƙwayoyin da kowannensu ke fitarwa, da tsawon zaman da aka yi tare, kuma yana raguwa gwargwadon yawan sabuwar iskar da ke shigowa. Kowane matakin kariya da za a ambata yana taɓa ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa huɗu ne.

Darussan da aka koya da asarar rayuka

A ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990 tarin fuka mai bijire wa magani ya ɓarke a asibitoci da gidajen yari na birnin Niyok, ya kashe majinyata masu ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki, ya kuma kama ma'aikata, lamarin da ya kai ga ƙa'idojin da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta fitar a 1994. A Tugela Ferry, wani ƙaramin gari a lardin KwaZulu-Natal na Afirka ta Kudu, rahoton da aka buga a 2006 ya nuna cewa cikin mutum 53 da aka samu da nau'in tarin fuka mafi bijire wa magunguna 52 sun rasu, rabinsu cikin kwana 16 da ɗaukar kakinsu domin gwaji, kuma fiye da rabinsu ba su taɓa shan maganin tarin fuka ba, wanda ke nuna cewa cutar da ta riga ta bijire suka shaƙa daga wasu, yawancinsu kuwa sun kwanta a asibiti kafin nan.

Cutar SARS ta 2003 ta kama mutum sama da 8,000 ta kashe 774, kuma kusan kashi ɗaya cikin biyar na waɗanda suka kamu ma'aikatan lafiya ne, cikinsu har da Dakta Carlo Urbani na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ya fara ankarar da duniya game da cutar daga birnin Hanoi. A Koriya ta Kudu a 2015, matafiyi ɗaya da ya dawo daga Gabas ta Tsakiya ya zama sanadin kamuwar mutum 186 da cutar MERS da rasuwar 38, kusan duka a cikin asibitoci. Wani majinyaci ɗaya da ya yi kwana uku a cunkusasshen sashen agajin gaggawa a birnin Seoul ya harbi mutum 82, waɗanda rabinsu masu ziyara ne da masu jinya. Daga baya Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ma'aikatan lafiya tsakanin 80,000 da 180,000 ne korona ta kashe daga Janairun 2020 zuwa Mayun 2021. Abin da ya haɗa waɗannan aukuwa shi ne jinkirin gano mai cuta da kuma taruwar jama'a a wuri marar isasshiyar iska, kuma an ga haka a ƙasashe masu arziki kamar yadda aka gani a matalauta.

Wannan darasi ya shafi ƙasar Hausa kai tsaye, domin Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu tarin fuka, inda ake ƙiyasta kusan mutum 500,000 ke kamuwa a shekara, daga cikin kimanin miliyan 10.8 da suka kamu a duniya a 2023, kuma ƙyanda tana ɓarkewa kusan kowane rani a arewacin Najeriya da kudancin Nijar.

Mataki na farko: tsarin gudanarwa

Tsarin gudanarwa yana nufin dokoki da ayyukan yau da kullum da ke rage lokacin da mai cuta zai yi cikin jama'a ba tare da an gano shi ba, kuma shi ne mafi araha da amfani. Yana farawa ne daga inda ake yankan kati, inda ya kamata a ajiye ma'aikaci wanda aikinsa shi ne tambayar kowane mai shigowa ko yana tari, da tsawon lokacin tarin, da ko yana zazzaɓi, ko gumin dare, ko rama, ko ganin jini a kaki. Wanda tarinsa ya kai mako 2, ko mai cuta mai karya garkuwar jiki da ke tari ko na kwana nawa ne, ana ba shi takunkumi nan take, a zaunar da shi a rumfa ko baranda mai iska, a kuma shigar da shi wurin likita kafin sauran, domin kowace sa'a da ya yi a layi ƙarin haɗari ce ga na kusa da shi. Haka nan yaron da aka kawo da zazzaɓi da ƙuraje da jan ido bai kamata ya zauna cikin jariran da ke jiran awo ko rigakafi ba, tunda mai ƙyanda yana yaɗa ta tun kwana 4 kafin ƙurajen su fito har kwana 4 bayan fitowarsu.

Bayan warewa sai gaggauta gwaji da magani. Na'urar GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a Disambar 2010, tana gano ƙwayar tarin fuka a kaki cikin kimanin sa'o'i 2, tana kuma nuna ko ta bijire wa rifamfisin, ɗaya daga cikin manyan magungunan cutar. Amfanin wannan sauri yana salwanta idan kwalbar kaki ta kwana uku kafin ta isa ɗakin gwaji, ko sakamako ya yi mako a kan tebur. Magani mai aiki shi ne mafi ƙarfin abin da ke katse yaɗuwa, kuma gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati a Najeriya, don haka babu dalilin da zai sa a jinkirta shi. Ana tattara kaki ne a fili, nesa da mutane da tagogi, ba a banɗaki ko lungun da iska ba ta shiga ba. Sashen masu tarin fuka da na masu cuta mai karya garkuwar jiki ba sa tarayya a wurin jira, kuma majinyacin da zai iya shan magani a gida ba a kwantar da shi ba gaira ba dalili.

Duk wannan yana buƙatar mai alhaki da aka san sunansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a samu ƙwararren jami'in hana yaɗuwar cuta guda ɗaya mai cikakken lokaci ga kowane gado 250, tare da kwamiti mai kasafin kuɗi da ikon zartarwa. Wajibi ne kuma a yi warewar cikin mutunci, a yi wa majinyaci bayanin dalili cikin harshen da yake ji kuma a asirce, domin tarin fuka cuta ce da ake ƙyamar mai ita, kuma wanda aka kunyata a gaban jama'a zai ɓoye tarinsa a zuwa na gaba, ko ma ya daina zuwa.

Mataki na biyu: iskar gini

Ana auna iskar ɗaki da yawan sauyin iska a sa'a, wato sau nawa sabuwar iska mai yawan cikin ɗakin ke shigowa cikin sa'a ɗaya. Ƙa'idar ɗakin keɓe mai cutar iska ita ce sauyi 12 a sa'a, wanda a kansa ɓurɓushin da ke rataye yake raguwa da kashi 99 cikin 100 a minti 23 bayan mai cutar ya fita, alhali a sauyi 6 sai an jira minti 46. Ɗaki mai tsawon mita 5 da faɗin mita 4 da tsayin mita 3 yana ɗaukar iska kubik mita 60, saboda haka sauyi 12 a cikinsa yana nufin shigowar lita 200 a kowace daƙiƙa. Wannan adadi ya wadatar da majinyaci ɗaya, tunda jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2009 ta nemi lita 160 a daƙiƙa ga kowane majinyaci a ɗakin keɓewa da lita 60 a sauran ɗakunan kwanciya da wuraren jira, amma idan aka cusa mutum goma a ɗakin rabon kowannensu ya koma lita 20 ke nan, wanda ke nuna cewa cunkoso yana cinye amfanin iska.

A asibitocin da ke da hali ana gina ɗaki mai zuƙar iska, wanda injinsa ke fitar da iska fiye da wadda yake shigarwa, ta yadda iskar baranda za ta riƙa shiga ta ƙarƙashin ƙofa, ta ciki kuwa ba ta fitowa sai ta bututun da ke kai ta waje ko ta matatar da ke riƙe kashi 99.97 cikin 100 na ɓurɓushi mai girman maikiron 0.3. Ana gwada shi kullum da siririyar takarda a ƙasan ƙofa, wadda ya kamata iska ta ja ta ciki. Sai dai irin wannan ɗaki ya dogara ne kacokan a kan wutar lantarki marar yankewa da gyara a kan kari, kuma da zarar an ɗauke wuta, ko injin ya lalace, ya zama rufaffen ɗaki marar taga wanda ya fi kowane wuri a asibitin haɗari.

Saboda haka binciken da Roderick Escombe da abokan aikinsa suka yi a asibitoci 8 na birnin Lima a ƙasar Peru, wanda aka buga a 2007, yana da muhimmanci ga ƙasashe masu zafi da ƙarancin lantarki. Sun gano cewa buɗe tagogi da ƙofofi kawai yana ba da matsakaicin sauyi 28 a sa'a, fiye da ninki biyu na ƙa'idar ɗaki mai inji, kuma tsofaffin gine-ginen da suka haura shekara 50, masu dogon rufi da manyan tagogi a bango biyu masu fuskantar juna, sun kai sauyi 40, alhali sababbin sun tsaya a 17. Wannan sakamako ya kamata ya sa masu gyaran asibitoci a ƙasar Hausa su yi tunani, domin gyaran zamani yakan zo da tagar alminiyo mai zamewa wadda rabinta kaɗai ke buɗewa, da silin da aka sauko da shi ƙasa, da toshe baranda domin samar da ofis, da kuma na'urar sanyaya ɗaki. Na'urar sanyaya ɗaki irin wadda ake liƙawa a bango ba ta shigo da sabuwar iska. Iskar ɗakin take sanyayawa ta sake hurowa, kuma tana tilasta a rufe tagogi, don haka jin sanyi a ɗakin ganin likita ba alamar tsaftar iska ba ne. Fanka ma gauraya iska take yi, kuma amfaninta yana fitowa ne idan tagogi a buɗe suke.

Buɗe taga yana da nasa ƙalubale, wato sauro, da ƙurar hunturu da sanyinsa, da tsaro da dare, da kare sirrin majinyata, kuma majinyata da masu jinyarsu sukan rufe tagogi da zarar rana ta faɗi. Maganin waɗannan shi ne gidan sauro ga kowane gado, da barguna a lokacin sanyi, da ƙarafan kariya, da ƙananan kafofin iska a saman bango waɗanda ba a iya rufewa, da bututun fitar da iska mai juyawa a kan rufi, da kuma sanya duba tagogi cikin aikin ma'aikacin da ke kan aiki a kowane zagaye. Tsarin zama ma yana da tasiri, domin ya kamata iska ta taso daga bayan ma'aikaci ta wuce majinyaci ta fita waje. Ƙaramar na'urar auna iskar kabon da mutane ke fitarwa tana taimakawa wajen gano ɗakunan da ke da matsala, tunda a fili ma'aunin yana kusan 420 cikin miliyan, kuma idan ya haura 1,000 a cikin ɗaki alama ce ta cewa mutane suna sake shaƙar numfashin juna fiye da kima.

Inda ba a iya samun wadatacciyar iska ana kafa fitila mai haske marar ganuwa da ke kashe ƙwayoyin cuta, a maƙala ta can sama fiye da mita 2 daga ƙasa domin haskenta ya ratsa saman ɗakin kawai, fanka kuma ta riƙa kai iskar ƙasa zuwa gare shi. Gwaje-gwaje irin na Riley da aka maimaita a Lima da eMalahleni ta Afirka ta Kudu sun nuna ragin yaɗuwar tarin fuka da kashi 70 zuwa 80 cikin 100, amma fitilar tana buƙatar ƙwararren mai kafawa domin haskenta yana ƙona ido da fata idan ya sauko, tana kuma buƙatar gogewa a kai a kai saboda ƙura tana kashe ƙarfinta.

Mataki na uku: takunkumi

Takunkumi iri biyu ne, kuma aikinsu ya bambanta. Takunkumin tiyata, wanda yake sako-sako a gefe, ya fi amfani a fuskar majinyaci domin yana tare ɗigo tun daga tushe, kuma a eMalahleni an ga sanya shi ga masu tarin fuka mai bijire wa magani ya rage yaɗuwa da kashi 56 cikin 100. Ma'aikaci kuwa yana buƙatar takunkumi mai tace iska irin N95, wanda ke riƙe aƙalla kashi 95 cikin 100 na ƙananan ɓurɓushi, ko takwaransa na Turai FFP2, duk lokacin da zai shiga ɗakin mai cutar iska, musamman yayin ayyukan da ke tayar da ɓurɓushi kamar zura bututun numfashi, da leƙa huhu da na'ura, da zuƙe majina, da farfaɗo da wanda numfashinsa ya tsaya. Ana sa shi kafin shiga, a cire shi bayan fita ta hanyar kama igiyoyinsa, sannan a wanke hannu.

Ingancinsa ya dogara ne a kan mannewarsa da fata, shi ya sa ake yi wa kowane ma'aikaci gwajin dacewa domin gano samfurin da ya yi daidai da fuskarsa, shi kuma ya riƙa tabbatar da mannewar a duk sanyawa ta hanyar rufe shi da tafin hannu ya hura ya ji ko iska na fita ta gefe. Gemu da saje suna hana mannewa, kuma da yake ma'aikata da yawa a wannan yanki suna ajiye gemu saboda addini, ya kamata hukumar asibiti ta fuskanci batun a fili cikin girmamawa, ta tanadi hular kariya mai injin hura tatacciyar iska wadda ba ta buƙatar mannewa, ko ta tsara rabon aiki ta yadda ba za a tura mutum ɗakin haɗari da kariyar da ba ta kare shi ba. Iyakar takunkumi ita ce ana sa shi ne idan an san da haɗari, alhali majinyacin da ya fi harbin ma'aikata shi ne wanda aka kwantar domin wata cuta dabam, dalilin da ya sa aka ajiye takunkumi a mataki na uku ke nan.

Masu jinya, 'yan dubiya da haƙƙin ma'aikata

A asibitocin ƙasar Hausa dangi ne ke ɗauke da rabin aikin jinya, su ciyar, su wanke, su kwana a tabarma kusa da gado, kuma dubiya haƙƙi ce da addini da al'ada suka ƙarfafa, don haka tsarin da ya yi watsi da su ba zai yi aiki ba. Abin da ya dace a sashen cututtukan iska shi ne mai jinya ɗaya tsayayye, baligi mai lafiya wanda aka ba takunkumi aka koya masa amfani da shi, a hana shigo da ƙananan yara da masu juna biyu, a kuma tanadi inuwa a fili inda majinyacin da ke iya tashi zai gaisa da 'yan dubiya. Malamai da limamai suna da rawar takawa wajen bayyana cewa kauce wa annoba yana da asali a Musulunci, kamar yadda Halifa Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham lokacin da ya samu labarin annoba a can.

Ma'aikata kuwa, tun daga likita da ma'aikacin jinya har zuwa mai shara da mai tura gado da ɗalibi, suna da haƙƙin a kare su. Wani bincike a KwaZulu-Natal ya nuna cewa yawan kwantar da ma'aikatan lafiya saboda tarin fuka mai bijire wa magani ya ninka na sauran jama'a fiye da sau biyar. Haƙƙinsu ya haɗa da allurar ƙyanda sau biyu ga wanda ba shi da rigakafi, da gwajin tarin fuka a kowace shekara, da sauya wurin aiki a asirce ga mai raunin garkuwar jiki, da hutun jinya da albashi ga wanda ya kamu a bakin aiki.

Kammalawa

Aikin da ke gaban kowace cibiyar lafiya, babba ko ƙarama, a bayyane yake kuma mafi yawansa ba ya jiran sabon kasafin kuɗi. Shugaban asibiti yana iya naɗa mai tantance masu tari a ƙofa, ya mayar da wurin jira zuwa rumfa, ya sa a kwance tagogin da aka ƙusance ko fenti ya manne, ya kuma nemi a riƙa rubuta sa'o'in da ke tsakanin zuwan mai tari da fara shan maganinsa, domin wannan adadi shi ne ma'aunin gaskiya na ingancin tsarin. Ma'aikatun lafiya da na ayyuka suna da alhakin hana amincewa da zanen sabon asibiti ko gyaran tsoho har sai masanin hana yaɗuwar cuta ya duba tagoginsa da tsayin rufinsa da hanyar iskarsa, tunda kuskuren gini yana daɗewa shekaru masu yawa yana cutar da mutanen da ba su san da shi ba. Makarantun koyon aikin likita da jinya da zanen gine-gine kuma ya wajaba su koyar da lissafin iska kamar yadda suke koyar da wanke hannu. Mutumin da ya zo asibiti ya ba da amanar lafiyarsa ne, kuma cika wannan amana ya haɗa da tabbatar da cewa bai koma gida da cutar da bai zo da ita ba.